Nazarin Lamari: Kurakurai Biyu da Suka Ɓoye Juna a Babban Layin Wayar Wani Kamfani

Yadda tsarin yake kafin matsalar

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana da ma'aikata kusan 70 a wani gini mai hawa biyar wanda yake zaune a cikinsa tare da wasu kamfanoni, kuma mafi yawan cinikinsa ta waya yake gudana. Duk wayoyin da ke kan tebura suna haɗe da na'urar raba kira ta ofis, wadda masu sana'ar ke kira PBX, ita kuma tana haɗe da kamfanin sadarwa ta babban layin dijital guda ɗaya, nau'in E1. Ban da wayoyin tebur, akwai na'urorin faks biyu da ake karɓar takardun oda da su, da wata ƙaramar na'urar karɓar kuɗi da kati wadda sai ta buga lamba ta layin waya kafin ta kammala ciniki.

Layin E1 yana ɗaukar bit (wato ƙwayar bayanin dijital, 0 ko 1) miliyan 2.048 a kowane sakan, kuma an kasa shi gurabe 32, kowane gurbi na ɗaukar bit 64,000 a sakan. Gurbi na 0 shi ne ke riƙe da alamar da ɓangarorin biyu ke gane farkon kowane firam (wato zagaye ɗaya na gurabe 32 ɗin) da ita, gurbi na 16 kuma nan ne saƙonnin kafa kira da katse shi ke bi, wato abin da ake kira tashar D. Saura gurabe 30 su ne na magana, don haka mutum 30 na iya yin waya a lokaci guda. Ana aika firam 8,000 a kowane sakan, kenan kowane firam yana ɗaukar mikrosakan 125, wato kashi 125 cikin miliyan na sakan. A Arewacin Amurka takwaransa T1 ake amfani da shi, mai bit miliyan 1.544 da gurabe 24, amma yadda ake bin sawun kuskure a kansu kusan iri ɗaya ne.

Kamfanin sadarwa ya kawo layinsa har cikin wani ƙaramin ɗaki a hawa na ƙasa, inda ya ajiye akwatinsa. Wannan akwati shi ne iyaka: daga shi zuwa waje alhakin kamfanin sadarwa ne, daga shi zuwa ciki kuma alhakin mai ofis ne. Shekaru da dama PBX ɗin tana cikin ɗakin nan, tsakaninta da akwatin waya ce mai tsawon mita 3, kuma babu wanda ya tuna an taɓa yin ƙorafi a kan layin.

Makon farko: ƙaura da fara ƙorafi

A ranar Asabar aka ɗauke PBX ɗin aka mayar da ita sabon ɗakin kwamfutoci a hawa na uku, domin a haɗa dukkan na'urori wuri guda mai sanyi. Akwatin kamfanin sadarwa ya tsaya inda yake, saboda haka wani mai aikin lantarki ya ja sabuwar waya mai tsawon kimanin mita 55 ta cikin ramin da wayoyin ginin ke hawa, ya matse filogi nau'in RJ48 a bakinta biyu, ya gwada ta da ƙaramar na'urar gwajin waya mai fitilu takwas, duka fitilun suka kama bi da bi. Injiniyan kamfanin da ke kula da PBX ɗin ya gwada katin E1, wato allon da layin ke shiga cikin PBX ɗin ta kansa, shi kaɗai don ya tabbatar bai ji rauni a hanya ba, sannan ya haɗa layin, fitilarsa ta nuna kore, aka yi kira biyu ko uku suka shiga lafiya, kowa ya tafi gida.

Ranar Litinin da hantsi aka fara kawo ƙara, kuma ƙararrakin ba su yi kama da juna ba. Masu karɓar oda suka ce faks yana fitowa da layuka a gutsure, kuma duk takardar da ta wuce shafi biyu ko uku sai ta tsaya a tsakiya. Mai kula da kuɗi ta ce na'urar kati sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta amsa. Wasu ma'aikata suka ce sukan ji ɗan ƙas a kunne lokaci zuwa lokaci, wasu suka ce ba su ji komai ba. Abin da ya fi tayar da hankalin shugabanni shi ne katsewar kira: sau biyu ranar Litinin, sau uku ranar Talata, duk wanda ke kan layin waje sai wayarsa ta mutu a lokaci guda, bayan ɗan lokaci kaɗan kuma layin ya dawo da kansa. Kiran da ake yi tsakanin tebur da tebur a cikin ofis bai taɓa katsewa ba.

Ranar Laraba ma'aikacin kwamfuta na kamfanin ya kashe PBX ɗin ya sake kunna ta. Aka yi sa'o'i uku ba a ga katsewa ba, aka ɗauka an rabu da matsalar, sai da yamma ta dawo. Ya maimaita hakan ranar Alhamis da Juma'a. Abin da bai sani ba shi ne, na'urar tana ajiye ƙididdigar kurakuran layin a zango-zango na minti 15, zango 96 da suka cika sa'o'i 24, kuma duk lokacin da aka kashe ta ƙididdigar tana gogewa. Haka aka ƙare makon ba tare da wata shaida a rubuce ba, sai labarin baka. A cikin makon ne kuma aka sayi sabuwar na'urar faks, ita ma ta riƙa gutsure shafuka kamar wadda ta gabace ta. An bar jaki ana dukan taiki.

Mako na biyu: kowane ɓangare ya gwada nasa

Ranar Litinin injiniyan PBX ya dawo ya duba rajistar ƙararrawa. Bai ga alamar ɓacewar sigina ba, wadda ake kira LOS, bai kuma ga ɓacewar firam ba, wato LOF. Abin da ya gani shi ne RAI, wata ƙararrawa da ɗaya ɓangaren layin ke aikowa, sau da yawa, kuma lokutanta sun yi daidai da lokutan da aka ce kira ya katse. Saƙonnin da suka zo ta tashar D a waɗannan lokuta suna ɗauke da lambar dalili 41, wadda a ƙa'idar Q.850 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, take nufin gazawa ta wucin gadi, wasu kuma lamba 38, wato hanyar sadarwa ba ta aiki. Ma'aunan kuskure na abin da PBX ke karɓa kuwa kusan sifiri suke. Daga nan ya yanke cewa tunda ƙararrawar daga can take zuwa, matsalar ta kamfanin sadarwa ce, aka buɗe musu takardar ƙorafi.

Kamfanin sadarwa ya yi abin da ya saba. Daren Talata suka rufe layin, suka umarci akwatinsu da ke hawa na ƙasa ya riƙa maido musu da duk abin da suka aiko, suka tura masa jerin bit na gwaji na tsawon awa ɗaya, babu ko bit ɗaya da ya dawo a karkace. Suka rubuto cewa layinsu lafiya yake har zuwa iyaka, suka rufe takardar.

Ganin haka injiniyan ya koma zargin katin E1, ya ce mai yiwuwa ya sami lahani a ƙaura wanda gwajin farko bai nuna ba. Ranar Alhamis aka sa sabon kati, ranar Juma'a kira ya katse sau uku kamar kullum. Ranar Asabar da rana, ginin babu kowa, ya sauka hawa na ƙasa ya zare sabuwar wayar daga akwatin kamfanin sadarwa, ya sa mata abin da ke haɗa ƙafa ta 1 da ta 4, da ƙafa ta 2 da ta 5 na filogin, ta yadda duk abin da PBX ta aika zai bi mita 55 ya sauka, ya sake bin mita 55 ya komo mata. Ya bar wannan gwajin komowa na tsawon sa'o'i biyu, kuma dukkan ma'aunai suka tsaya a sifiri. A rahotonsa ya rubuta cewa kati sabo ne, waya lafiya take, PBX lafiya take.

Akwai wani abu a gwajin nan da ya kamata ya tsayar da shi amma ya wuce shi. Gwajin komowa yana buƙatar na'urar ta yi amfani da agogonta na ciki, wato abin da ke tsara gudun da take aika bit da shi, domin idan aka ce ta ɗauki bugun agogo daga layi alhali abin da ke kan layin nata ne ya komo, babu mai jagora kenan. A ƙa'ida sai an sauya wannan saiti kafin gwaji, a mayar da shi bayan an gama. Ran nan bai buƙaci sauya komai ba, gwajin ya tafi sumul tun daga farko, kuma bai tambayi kansa dalili ba.

Mako na uku: kashe CRC-4

A wannan mako ne hankali ya kai ga wani ma'auni da ke can ƙasan shafin ƙididdiga, wanda ke lissafa kurakuran da ɗaya ɓangaren ya ce ya gani. Layin yana aiki da tsarin CRC-4, wanda ke tara firam 16 su zama babban firam guda, ya kasa shi gida biyu na firam 8, ya yi wa kowane gida lissafin tantancewa na bit 4. Kenan ana tantance gida 1,000 a kowane sakan. Idan mai karɓa ya sake lissafin ya ga bai yi daidai ba, yana sanar da mai aikawa ta wasu bit na musamman da ake kira bit E. Wannan ma'auni ya nuna dubbai a wasu zanguna, a wasu kuma sifiri.

An fassara wannan da cewa saitin CRC-4 na ɓangarorin biyu ne bai dace da juna ba, kasancewar rashin dacewar wannan saiti sananniyar matsala ce a layukan E1. Sai aka kashe shi a PBX. Layin bai faɗi ba, domin na'urar kamfanin sadarwa tana da tsarin da ke gane cewa ɗaya ɓangaren ba ya aiko da CRC-4 ta koma aiki ba tare da shi ba, kamar yadda ƙa'idar G.706 ta tanada. Ma'aunin nan ya tsaya cak a sifiri, aka shaida wa shugabannin kamfanin cewa an gano bakin zaren. Kwana biyu bayan haka kira ya katse sau huɗu a yini ɗaya, faks kuma bai taɓa gyaruwa ba ko na awa ɗaya.

Da a ce rashin dacewar saiti ne, da kurakuran sun kasance a kowane zango, dare da rana, ko kuma layin ya ƙi tsayuwa gaba ɗaya. Ma'aunin da ke hawa da sauka yana nuni ne da wani abu mai zuwa yana tafiya.

Mako na huɗu: rubuta ƙididdiga da gano matsalar agogo

Kamfanin da ke kula da PBX ya turo wata injiniya ta biyu, wadda ta fara da kafa sharuɗɗa uku: kada a sake kashe na'urar, kada a sauya abu fiye da ɗaya a rana, kuma mai karɓar baƙi ta riƙa rubuta awa da mintin da kira ya katse. Ta mayar da CRC-4, ta goge ƙididdigar da gangan ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, sannan ta kwashe zanguna 96 na farko washegari ta jera su a tebur guda.

Jerin ya rabu gida biyu a fili. Akwai ma'auni ɗaya da ba ya motsi: zamewar firam, 36 a kowane zango na minti 15, wani lokaci 35 ko 37, da tsakar dare da tsakar rana duk ɗaya. Wannan ma'auni yana nan tun mako na biyu, amma an raina shi saboda lambar ƙarama ce idan aka kwatanta da dubban da ke ƙasa da ita. Akwai kuma ma'aunin bit E da ƙararrawar RAI, waɗanda suke kwance da dare su tashi da rana. Ta yanke shawarar ɗaukar su a matsayin matsaloli biyu har sai an tabbatar da akasin haka, ta fara da wanda bai canzawa.

Zamewa tana faruwa ne idan agogon mai aikawa da na mai karɓa ba sa tafiya da gudu ɗaya. Mai karɓa yana zuba abin da ya shigo a wata ƙaramar ma'ajiya da gudun mai aikawa, yana kwashewa da nasa gudun. Idan ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri, ma'ajiyar za ta cika ko ta ƙare, kuma a lokacin dole a jefar da firam guda ko a maimaita shi. Lissafin ba shi da wuya: minti 15 sakan 900 ne, a raba da 36 ya ba da zamewa ɗaya a kowane sakan 25. Firam guda mikrosakan 125 ne, a raba da sakan 25 ya ba da bambancin kashi 5 cikin miliyan. Ƙa'idar G.703 ta yarda agogon E1 ya kauce har kashi 50 cikin miliyan sama ko ƙasa, saboda haka agogon PBX ɗin ba lalacewa ya yi ba, yana gudunsa ne shi kaɗai ba tare da bin kowa ba. Manyan agogon da kamfanonin sadarwa ke dogara da su ba sa kaucewa fiye da kashi 1 cikin biliyan 100, wanda ke sa ko tsakanin hanyoyin sadarwa biyu masu agogo daban ba a sa ran zamewa fiye da sau ɗaya a kwana 70. Wannan layi yana yin kusan 3,456 a yini.

Da ta buɗe saitin, sai ta tarar tushen agogo yana kan na ciki. Injiniyan farko ya tuna cewa ranar ƙaura ya sauya shi domin gwajin kati, ya adana saitin, ya manta bai mayar ba. Saitin kuwa a cikin babbar ƙwaƙwalwar na'urar yake zaune, shi ya sa sabon katin da aka sa a mako na biyu ya gaji kuskuren nan take. Gwajin komowa na ranar Asabar ma ba zai taɓa nuna zamewa ba, domin na'urar da ke sauraron kanta agogo ɗaya ne ke aikawa kuma yake karɓa.

Ranar Laraba da yamma ta mayar da saitin ya riƙa ɗaukar agogo daga layin kamfanin sadarwa. Daga zangon da ya biyo baya zamewa ta koma sifiri. Ranar Alhamis faks mai shafi goma sha biyu ya shigo cikakke, na'urar kati ta riƙa amsawa a bugu ɗaya, ɗan ƙas ɗin da wasu ke ji ya ɓace. Dalilin da ya sa waɗannan na'urori suka fi shan wahala shi ne, kunnen mutum ba ya damuwa da ɓacewar mikrosakan 125 na magana, amma faks da modem irin na na'urar kati suna karanta bayanai ne daga daidaiton zangon sauti, kuma zamewa ɗaya tana isa ta rikita su su sake daidaitawa ko su ajiye layin. A ranar Alhamis ɗin dai kira ya katse sau biyu.

Mako na biyar: wayar da ke tsakanin hawa uku

Saura ma'aunin bit E da RAI. A nan injiniyar ta tsaya kan ma'anar ƙararrawar kanta. RAI saƙo ne da ɗaya ɓangaren ke aikowa yana cewa ya kasa karanta abin da ake aika masa. Idan PBX ta ga RAI, to abin da ita ta aika ne bai isa lafiya ba, kuma bit E ma abin da suke faɗa kenan, da ƙidaya. Tunda abin da PBX ke karɓa tsaf yake zuwa, lahanin yana kan hanyar fita kaɗai. Kamfanin sadarwa ya riga ya nuna cewa daga akwatinsa zuwa waje babu kuskure, kati kuma sabo ne, don haka abin da ya rage shi ne wayoyi biyu da ke ɗaukar sigina daga ƙafa ta 4 da ta 5 na PBX zuwa hawa na ƙasa. Ta roƙi kamfanin sadarwa su karanto mata ƙididdigar bakin akwatinsu da ke fuskantar ofis, abin da ba a tambaye su ba a baya, sai ga dubban saɓa ƙa'idar HDB3, wato tsarin da ake tsara bugun lantarkin E1 da shi. Irin wannan kuskure alama ce ta lahani a kan wayar kanta, kafin a kai ga batun firam ko saiti.

Da aka ɗora lokutan kurakuran a kan takardar mai karɓar baƙi, sai aka ga sun taru a wurare uku: wajen ƙarfe 8 na safe, lokacin hutun rana, da wajen ƙarfe 5 na yamma. An fara zargin yawan kira, amma rajistar kira ta nuna cewa lokacin da layin ya fi cika shi ne tsakanin ƙarfe 10 da 12, kuma kurakuran ba su da yawa a lokacin. Abin da ke yawaita a waɗancan lokuta uku shi ne hawa da saukar mutane. Ramin da sabuwar wayar ta bi yana manne da ramin lif ɗin ginin, kuma a kusan mita 15 na tsawonta an ɗaure ta tare da kebul ɗin wutar da ke tafiya injin lif ɗin. Injin yana aiki da na'urar sarrafa gudu mai datsa wuta da sauri sosai, irin wadda aka sani da watsa hayaniyar lantarki ga wayoyin da ke kusa.

Ranar Talata da dare aka rufe layin, aka sa na'urar gwajin bit a hawa na uku da madaukin komowa a hawa na ƙasa, aka tura jerin gwaji mai maimaita kansa bayan bit 32,767. Minti 20 lif yana tsaye, babu kuskure ko ɗaya. Aka sa mutum ya riƙa hawa da sauka da shi, kurakurai suka riƙa zubowa a duk tafiya, suna tsayawa idan ya tsaya. Wannan ya bayyana abin da ya sa gwajin ranar Asabar ya fito fes, tunda ran nan babu mai hawa lif.

Sai dai kusanci da kebul ɗin wuta bai isa ya bayyana dalilin da ya sa hanya ɗaya kawai ta kamu ba, alhali duka hanyoyin biyu suna cikin riga ɗaya. Amsar ta fito da aka yanke filogin aka duba. Wayar tana da tagwaye huɗu, kowane biyu a murɗe da juna, kuma murɗin ne ke sa hayaniyar waje ta faɗa kan wayoyin biyu daidai wa daida, mai karɓa ya soke ta. A tsarin da aka saba, tagwayen suna zama a ƙafa 1 da 2, 3 da 6, 4 da 5, 7 da 8. Mai aikin lantarkin ya jera su ne bi da bi: 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6, 7 da 8, a bakin biyu duka. Ƙafa ta 1 da ta 2, waɗanda PBX ke karɓa da su, sun dace da tagwaye na gaskiya. Ƙafa ta 4 da ta 5 kuwa kowace ta fito daga tagwaye daban, saboda haka siginar fita tana tafiya ne a kan wayoyi biyu da ba a murɗe da juna ba, ba ta da kariyar komai. Na'urar gwaji mai fitilu takwas ba ta iya ganin wannan, domin abin da take dubawa kawai shi ne ko ƙafa ta 4 a nan ta isa ƙafa ta 4 a can, kuma ta isa.

Yadda wannan ke kai ga katse kira a bayyane yake. Idan alamar firam ta zo a lalace sau uku a jere, na'urar kamfanin sadarwa tana ɗauka ta rasa firam, ta aiko da RAI, ta shiga neman sa. A tashar D kuma, saƙon da ba a amsa ba cikin sakan 1 ana sake aika shi har sau 3, in ya faskara a rushe haɗin a sake ginawa. Gajeriyar hayaniya tana wucewa ba a lura ba, amma idan lif ya yi doguwar tafiya kuma kurakuran suka ɗore na wasu sakanni, babbar na'urar raba kira ta kamfanin sadarwa tana sakin dukkan kiran da ke kan layin.

Ranar Laraba aka shimfiɗa wata waya ta wucin gadi, wadda aka matse bakinta a masana'anta, ta kan matattakala nesa da lif. Ma'aunin bit E ya tsaya a sifiri yini guda cur, da CRC-4 a kunne. Ranar Asabar aka ja waya ta dindindin mai ohm 120, wato ma'aunin lantarki na wayar da ya dace da layin, kowane tagwaye da sulkensa, ta wani rami a ɗaya gefen ginin, aka haɗa sulken da wayar ƙasa, aka gwada ta da na'urar da ke auna tsallaken sigina tsakanin tagwaye, sannan aka maimaita gwajin bit na awa ɗaya lif yana aiki.

Bayan gyara

An ci gaba da kwashe ƙididdigar kowace safiya har kwana 30. Ba a ga zamewa ba, ba a ga RAI ba, kuma ba a kawo ƙarar katsewar kira ba. An rubuta saitin layin a takarda an manna a ƙofar akwatin PBX: HDB3, CRC-4 a kunne, agogo daga layi, ohm 120.

Hukunci

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen mako na biyu da ya ba da sakamakon ƙarya. Layin kamfanin sadarwa lafiya yake har iyaka, katin lafiya yake, wayar ma ta wuce gwaji a ranar da aka gwada ta. Kuskuren yana wajen faɗaɗa sakamakon fiye da abin da gwajin ya auna: gwajin komowa ba ya ganin bambancin agogo, gwajin ranar hutu ba ya ganin hayaniyar ranar aiki, na'urar fitilu ba ta ganin rabuwar tagwaye. A ganina mafi tsadar kurakuran shi ne karanta RAI a matsayin shaidar cewa laifin na can ne, domin shi ya juya binciken zuwa waje har mako biyu, alhali ƙararrawar tana nuna hanyar fita daga ofis ne tun ranar farko da aka gan ta. Kashe CRC-4 yana biye da shi, tunda ya rufe ma'auni ɗaya tilo da ke ƙidaya lahanin wayar daga ɓangaren PBX.

Kasancewar matsalolin biyu sun fara rana ɗaya shi ya sa aka riƙa neman dalili guda da zai bayyana faks da katsewar kira tare, kuma duk bayanin da aka kawo sai ya dace da rabin alamomin ya saɓa wa sauran. Abin da ya raba su bai buƙaci sabuwar na'ura ba, ƙididdigar zanguna 96 ce da aka bari ta cika ba a goge ba, inda ma'auni ɗaya ya fito a miƙe ɗaya kuma yana bin zirga-zirgar mutane. Ba na ganin adalci ne a ɗora wa mai aikin lantarkin nauyin duka, domin an ba shi aikin da ba nasa ba, kuma babu wanda ya gaya masa tsarin tagwayen da layin ke buƙata ko ya duba hanyar da zai bi da wayar.

Akwai abin da aka bari a buɗe. Kamfanin yana shirin ƙara layin E1 na biyu daga wani kamfanin sadarwa daban, kuma PBX ɗin agogo ɗaya kawai take iya bi a lokaci guda. An ba da shawarar a sa layin farko ya zama tushe, na biyu ya zama madadin da za a koma kansa idan na farko ya faɗi, sannan a duba ma'aunin zamewa na layin biyu na tsawon mako guda kafin a tura masa faks ko na'urar kati.